Nana Asma'u: 'Yar Shehun da ta ɗauko malfar Innar Gobir ta ɗora wa malamai mata

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, idan mace ta kwanta ciwon da aka rasa gane kansa, ra'ayin mutanen gida kan rabu. Wani ya ce a kai ta asibiti. Wani ya ce a kira malam ya yi mata ruƙiyya. Wata tsohuwa kuma ta ja uwar yarinyar gefe ta raɗa mata cewa wannan aikin mutanen ɓoye ne, sai an nemo masu girka. Idan kuwa iyalin Kirista ne, fasto za a kira ya yi addu'a da sunan Yesu, domin coci na koyar da cewa an ba mai bi iko a kan aljanu.

Duk waɗannan amsoshi ne na tambaya guda: wa ke da iko a kan iskoki, kuma ƙofar wa mai ciwo zai buga?

Kusan shekara 200 da suka wuce, wata mace a Sakkwato ta shafe rabin rayuwarta tana amsa wannan tambaya. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An fi saninta da waƙoƙi da karantar da mata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, babban ɓangare na wannan aiki nata gwagwarmaya ce da bori, kuma hanyar da ta bi wajen gwagwarmayar ce ta sa sunanta ya daɗe.

Tagwayen Ɗegel

An haifi Asma'u a Ɗegel wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada Hussaina ya kamata a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) guzuri a lokacin hijira.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama ƙwarai, don haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi. Gidan kuwa gidan karatu ne, maza da mata. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da Larabci, ta kuma tashi cikin ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta iya Fulatanci da Hausa da Larabci, tana kuma jin yaren Buzaye.

Mahaifinta bai ɗauki ilimin mata a matsayin alfarma ba. A littafinsa Nurul Albabi ya caccaki malaman da ke tara almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. A cikin littafin dai ya yi tir da masu yanka wa itatuwa da duwatsu. Waɗannan abubuwa biyu, jahilcin mata da bautar iskoki, su ne 'yarsa ta zo daga baya ta gane cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ƙuruciya a bakin dāga

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804, bayan zaman Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa ya gagara. A watan Yunin shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, Jama'a suka yi nasara. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da dama suka kwanta dama.

Daga nan sai yawo da yunwa da zazzaɓi, daga ƙasar Zamfara zuwa Gwandu. Yarinyar ta ga zawarawa da marayu da idonta, ta ga yadda tsoro ke yi wa mutum idan ba shi da abin riƙewa.

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Har yau a Sakkwato ana ba da labarin cewa a ranar ta ɗauki bakin wuta ta nuna sashen Alƙalawa, birnin ya kama da wuta. Labarin baka ne, amma yana nuna irin matsayin da jama'a suka ba ta: mace mai albarka wadda ake jin addu'arta ba ta faɗuwa ƙasa.

A 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato, Bello ya zama Sarkin Musulmi. Asma'u tana da shekara 24 a lokacin.

Inna da dawakinta

Kafin a fahimci abin da ta fuskanta, sai an san matsayin bori a wancan zamani.

Masu bori sun yi imani akwai iskoki masu sunaye da halaye, irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Kuturu da Doguwa, waɗanda ake cewa birninsu Jangare. Iska kan kama mutum da ciwo, ko rashin haihuwa, ko ɓari, ko taɓin hankali. Sai a yi wa mai ciwon girka, a killace shi kwanaki ana kiɗan garaya ko goge da ƙwarya, har iskan ya bayyana kansa ya faɗi abin da yake so. Daga ranar mutum ya zama doki ko goɗiyar wannan iska, ya ɗauki nauyin yanka da tufafi da sauran buƙatunsa har iya rayuwa.

A Gobir, bori ba abin bayan gari ba ne. A fada yake. Shugabarsa ita ce Inna, wadda ake naɗawa daga cikin matan gidan sarauta. Tana da fadarta, tana sauraron ƙararrakin mata, tana kuma sanya malfa irin ta maza a matsayin alamar mulki. A Katsina, Iya ce ke da irin wannan matsayi, a wasu garuruwan kuma Magajiya.

Ga matar karkara, wannan tsari shi ne asibitinta, shi ne kotunta, shi ne kuma wurin da za ta yi kuka a saurare ta. Rushe ganuwar Alƙalawa bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu ba.

Matsalar da takobi ya haifar

Yaƙi bai tsaya da kafuwar daula ba. Gobirawa sun ci gaba da turjiya daga arewa, Kabawa daga yamma. Saboda haka Bello ya kafa garuruwan ribaɗi a kan iyakoki, shi kansa ya tare a Wurno. A kudu maso yamma, wani yayan Asma'u, Muhammadu Buhari ɗan Shehu, shi ya zauna a Tambuwal yana tsaron wannan sashe da ke fuskantar ƙasar Kabi. Malami ne, mawaƙi, kuma mayaƙi. Da ya rasu wajen 1840, ƙanwar tasa ta yi masa marsiyya.

Kowane yaƙi kuwa yana dawowa da kamammu. Mafi girma shi ne na Gawakuke a 1836, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk sun mutu a wurin. Ragowar Gobirawa suka koma suka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi, suka tafi da sarautar Innarsu.

Mata da yara masu yawa aka kwaso a irin waɗannan yaƙe-yaƙe. An raba su a gidaje da gandaye da garuruwan ribaɗi a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. Wannan ɓangare ne na tarihin da bai kamata a ɓoye ba. Matan nan sun rasa mazajensu da garuruwansu, suna zaune a hannun waɗanda suka ci su da yaƙi. Ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci. Abin da ya rage musu daga gida shi ne iskokinsu.

Ga shugabannin daular, wannan babbar barazana ce. Waɗannan matan su ne masu raino, su ne masu unguwarzoma, su ne za su haifi 'ya'yan gobe. An ci Gobir a fagen fama, ga Gobir ta shigo cikin ɗaki.

Hanya mafi sauƙi ita ce a hana kiɗan, a fasa ƙwaryar, a hukunta mai girka. Amma matar da ɗanta ke shiɗewa tsakar dare ba doka take nema ba, magani take nema. Asma'u ta fahimci haka.

Magani daga Littafi

Matsayinta a kan bori a fili yake. A waƙoƙinta na wa'azi, irin su Goɗaben Gaskiya ta 1842, ta jera shi tare da tsafi da sihiri cikin abubuwan da ke kai mutum wuta. Ba ta sassauta harshe ba.

Sai dai kuma Musulunci bai musanta samuwar aljanu ba, akwai sura guda mai sunansu a Alƙur'ani. Don haka ba ta tsaya gardamar ko iskoki na nan ko ba su nan ba. Abin da ta kafe a kai shi ne, su ma bayi ne, halittu ne kamar kowa, ba su da ikon cutarwa ko amfanarwa sai da izinin Wanda ya halicce su. Mai bori yana lallashin iska da yanka don a zauna lafiya. Ita kuwa ta koyar da cewa a tsallake bawa a je wurin Ubangijinsa.

A 1839 ta rubuta littafin Tabshirul Ikhwan da Larabci. A ciki ta tattaro abin da ya zo game da falalar surorin Alƙur'ani da amfaninsu wajen neman waraka da kariya. Idan aka duba matsalolin da littafin ya taɓo, za a ga kusan su ne waɗanda ke kai mata gidan bori: naƙuda, ciwon yara, tsoro, baƙin ciki, talauci, da sharrin abin da ido ba ya gani. Malamai ta rubuta wa littafin, don kada mai ciwo ya zo wurinsu su sallame shi hannu rabbana.

Ba ita kaɗai ke wannan tunani ba. Bello ma ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. 'Yan'uwan biyu sun ɗauki lafiyar jiki a matsayin aikin shugabanci.

Ga matan da ba su iya karatu ba kuwa, sai ta koma ga waƙa. A 1829 ta tsara wata gajeruwar waƙa da Fulatanci wadda ta jera sunayen dukkan surorin Alƙur'ani 114, daga baya aka samu ta da Hausa. Mace na iya haddace ta tana daka ko tana kaɗi. Lokacin da fari ya matsa, wanda a irinsa ne mutane kan koma ga iskoki neman ruwa, ta tsara waƙar Roƙon Ruwa da Hausa.

Ta kuma lura da wani giɓi. Bori na da manyan iskoki mata waɗanda mace za ta kira idan ta shiga uku. Saboda haka a wajen 1837 ta tsara Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, bisa wani littafi na Bello. A ciki ta kawo matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa da matan da aka sani a Ɗegel da Sakkwato. Saƙon shi ne, mace Musulma tana da iyayen gidanta a cikin addininta, ba sai ta je Jangare neman su ba.

Jaji da malfa

Littafi da waƙa ba su da ƙafa. Matan da ake son kaiwa gare su suna ƙauyuka, mafi yawansu matan aure masu goyo waɗanda ba za su iya barin gida ba.

A nan ne ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta zama shugaba. Sunan da aka ba ta shi ne jaji, kalmar da fatake ke kiran mai yi wa ayari jagora. Jaji kan taso da ayarinta na tsofaffin mata da 'yan matan da ba su isa aure ba, su yi tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa zuwa gidan Asma'u. A can za su koyi waƙoƙi da hukunce-hukuncen tsarki da salla da azumi, su kawo tambayoyin matan da suka baro a gida, su koma da amsa.

Sukan zo da sadaka ta hatsi da zuma da man shanu da zare. Asma'u kan raba wa mabuƙata da marasa lafiya. Su kansu 'Yan Taru ana horar da su kan hidima: jinyar marasa lafiya, taimakon mai jego, wankan gawar mace, sasanta rikici da share masallaci.

Sai kuma abin da ya fi komai nuna basirarta. Duk matar da aka naɗa jaji, Asma'u kan ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malfar nan kuwa kowa ya san ta, irinta Innar Gobir ke sawa.

Bagobirar da aka kamo tana yarinya, idan ta hango dattijuwa da malfa ta shigo ƙauye mata na biye da ita suna rera waƙa, ba sai an yi mata bayani ba. Ta san wannan ce uwar mata, wurinta ake kai kuka. Abin da ya canza shi ne abin da ke bakin mai malfar. Asma'u ba ta ƙona alamar ikon Inna ba. Ɗauko ta ta yi, ta ɗora a kan ilimi.

Uwar Gari

Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, ita da mijinta suka duƙufa wajen adana tarihin Jama'a. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan kan karamomin Shehu. Ita kuma ta tsara tarihin jihadin a waƙe da Fulatanci, wanda ƙanenta Isa ya mayar Hausa, aka san shi da Waƙar Gewaye. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri.

Sunanta ya kai har ƙasar Shinƙiɗi, Muritaniya ta yau, ta yi musayar rubutu da malamin can da ya ratso ta Sakkwato. Sarakunan Musulmi na zamaninta suna jin maganarta. Talakawa kuma suna kiranta Uwar Gari.

Ta ga tashin hankali har ƙarshen rayuwarta. A 1849 Kabawa suka sake ɗaga tuta a ƙarƙashin Yakubu Nabame, yankin da ke tsakanin Argungu da Gwandu da Tambuwal ya koma fagen hare-hare na shekaru masu yawa. Ta ci gaba da rubutu tana tsohuwa, da yawa daga waƙoƙinta na Hausa a shekarunta na ƙarshe ta yi su.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da 'yan kai. An binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma aikin ya ci gaba a hannun matan gidan Shehu, har ya tsallake zuwan Turawa a 1903.

Kimanin ayyukanta 60 ne suka iso gare mu. Da yawansu a ɗakin karatun Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta, aka adana su. Da taimakonsa ne wata Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, Jean Boyd, ta wallafa tarihinta a 1989. A 1997 kuma ita da Beverly Mack suka fitar da kundin ayyukanta. Ta wannan hanya sunan 'Yan Taru ya kai har Amurka, inda wasu mata Musulmi baƙar fata suka kafa da'irorin karatu da wannan suna.

Ta yi nasara?

Idan nasara ita ce ɓacewar bori, to ba ta yi ba. Har yau ana girka a ƙasar Hausa, sarautar Inna tana nan a Gobir, a Maraɗi ma bori bai taɓa ɓuya ba. Muhawarar iko a kan aljanu kuwa sai ƙara zafi ta yi. Tun daga shekarun 1990 masu ruƙiyya suka yawaita a biranen Arewa, a coci-coci ma addu'ar korar aljanu ta samu gurbi babba.

Amma akwai abin da ya bambanta hanyarta da mafi yawan abin da ake gani yanzu. A yau, ikon kan taru ne a hannun mutum guda, malam ko fasto ko boka, mai ciwo kuma ya zo a matsayin wanda ba shi da komai sai kuɗin sadaka. Akan ji labarin waɗanda aka ɗaure da mari, ko aka yi wa bulala da sunan fitar da aljani, alhali farfaɗiya ce ko ciwon ƙwaƙwalwa da likita zai iya dubawa.

Asma'u ba ta mayar da kanta mai cire aljanu ba, ko da yake da ta so, da mutane sun yi layi a ƙofarta. Ta koya wa mace abin da za ta karanta da bakinta, a ɗakinta, cikin harshen da take ji. Ta kuma tabbatar akwai wata mace a ƙauyen da za ta zo ta zauna da ita idan dare ya yi tsawo.

Daga Kebbe zuwa Sakkwato yanzu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Duk wanda ya je Hubbare zai tarar da mata sun zo ziyara daga ƙauyuka na kusa da na nesa, wasu da goyo, wasu da sanda. Kafin su juya, sukan tsaya su yi wa Nana addu'a.